Tukunyar da Na Kasa Mayarwa

Zangona na farko a Landan unguwar Croydon ce. Ba na lissafa shekara biyun da na yi a gidan likitan da ya kawo ni in riƙa dafa wa iyalinsa abinci, domin a lokacin ban san garin ba sai ta tagar kicin. Da ya gama karatunsa ya kwashe iyali ya koma gida, ni na ce zan tsaya in ɗan nema. Sai maganar takardar zama ta taso.

A bakin tashar tram, jirgin ƙasan cikin gari, na haɗu da mutumin. Yana sanye da kwat mai kyau. Ya ji ina waya da Hausa, ya jira na gama, ya yi mini sallama kamar unguwa ɗaya muka tashi. Ya ce aikinsa ke nan, cike wa 'yan'uwa fom. Ni kuwa allo na yi, shi ma ban yi nisa ba, boko ko harafi ɗaya ban sani ba. Ya cike takardu a gabana, ya nuna mini inda zan sa hannu, na sa. Ya ce in je in jira wasiƙa. Na jira shekara biyu. Daga baya wata lauya mai taimakon baƙi ta bincika, ta gaya mini ba a taɓa kai takardun ko'ina ba. Ban ji haushin mutumin kamar yadda na ji haushin idona ba. Takarda a gabana, ina kallonta kamar bango.

A cikin wannan jiran ne Baba ya rasu.

Baba mahauci ne, yana da tukubar tsire a bakin tashar mota a Funtuwa. Mu biyu ne maza, ni da Yaya Sule. Tun muna yara shi ke yanka, ni ke tsirewa da fifita wuta. Ranar Juma'a kuma Baba kan dafa farfesun jelar sa a babbar tukunya, direbobi su tsaya dominsa ko ba su da fasinjan saukewa. Da ciwo ya kwantar da shi, Yaya ya aiko in dawo. Na ce a ƙara haƙuri, in na fita yanzu ba za a bar ni in sake shigowa ba. Ana cikin haƙurin aka kira ni.

"Daga maƙabarta muke," in ji Yaya. "Sau uku ya tambaye ka. Yi zamanka, Isiyaku, tukuba ba ta rasa hannu ba."

Ya kashe wayar. Daga ranar sai da na yi shekara shida ban ji muryarsa ba. Ina aika gaisuwa ta bakin ƙanwarmu, ba ta dawo da amsa. Ni ma ban kira ba. Da farko kunya ce ta hana ni, daga baya na rasa da wace kalma zan fara. Har takarduna suka daidaita, hanya ta buɗe, ban tafi ba. In na sauka a tashar nan, na tsaya gaban tukuba, ya ci gaba da yankansa bai ɗago kai ba fa?

Zangona na biyu Deptford ne. A bayan kasuwa akwai wani ɗan gidan abinci na Italiyawa, tebur goma sha biyu, na wa da ƙane. Iyayensu ne suka buɗe shi tun kafin a haife su. Babban, Enzo, gajere ne mai sanƙo, ba ya dariya sai ta kama dole, shi ke riƙe da kicin. Ƙaramin, Dario, dogo ne mai surutu, shi ke tarbar baƙi, ya san sunan kowa har da sunan karensa. Wankin kwano na shiga nema. Kwana uku da farawa, Enzo ya gan ni ina kallon yadda yake cire ƙashi daga kafaɗar rago. Ya miƙo mini wuƙar. Na gama, ya juya ƙashin a hannunsa, bai ga ko tsokar da kyanwa za ta lasa ba.

"Wa ya koya maka?"

"Yayana."

"Ya iya," in ji shi. Ya nuna mini wani katako daban a lungu. "Wancan na naman alade ne, nawa ne. Kada ka taɓa. Sauran duk naka."

Tun daga nan nama ya dawo hannuna.

Ranar Litinin ba a buɗe wa baƙi. Da safe mu yi shara da goge-goge, bayan azahar Dario ya jawo tsohuwar talabijin, ya sa fim. Kullum iri ɗaya yake sawa: na Italiyawan da suka bar ƙasarsu suka je wata suka buɗe gidan abinci. Ba na jin rabin maganar, amma ba a buƙatar ji. Akwai hoton uwa a bango. Akwai dogon tebur, mutane suna miƙa wa juna kwano, mai ya jiƙe musu leɓe, wani tsoho ya rufe ido yana taunawa kamar mai addu'a. Akwai kuma 'yan'uwa maza, ɗaya zuciyarsa tana gida, ɗaya ya ce nan ne gida yanzu.

"Ƙarya ce zalla," Enzo kan ce. "Dubi rigarsa, fara fat. Mutum ya dafa wa mutum arba'in ba ɗigon miya? Wa ke wanke musu tukwane?"

"Yi mana shiru, jaki," in ji Dario, yana share ido da tawul ɗin tebur.

"Kuka kake yi? Sau nawa ka kalli wannan?"

"Albasa ce."

"Yau Litinin, ba wanda ya yanka albasa."

Amma Enzo ba ya tashi. Ya ce zai je ya duba murhu, sai ka gan shi tsaye a bakin ƙofa har a gama.

Abin da na lura da shi a finafinan nan, da kuma a kicin ɗinmu, shi ne yadda faɗansu yake. Su ɗaga murya, su buga tebur, su ambaci laifin shekara ashirin, wani ya jefar da cokali. Kafin shayi ya huce sun zauna, wannan ya gutsuro burodi ya tura wa wancan. Mu namu faɗan ba shi da ƙara. Ba wanda ya zagi wani tsakanina da Yaya. Da ya zage ni ma, da na sami abin riƙewa. Nakan zauna a kujerar baya ina kallon mutanen cikin talabijin suna ci suna dariya, sai ƙanshin ƙuliƙuli da hayaƙin kitse ya zo mini a hanci, a tsakiyar Deptford, inda ba tukuba ko ɗaya.

Zangona na uku Catford ne, inda nake har yau. Na kama ɗaki a gidan Mama Ladi, mutuniyar Jos, tsohuwar nas da ta yi ritaya. Ita ta rubuta sunana a ajin yaƙi da jahilci na ƙaramar hukuma, Talata da Alhamis da hantsi, ba tare da ta yi shawara da ni ba.

"Na yi maka booking," ta ce. "In kana so a sake cin amanarka a Croydon, kada ka je."

Na je. Shekarata arba'in da bakwai na fara riƙe biro. Hannun da ke raba haƙarƙari ba tare da duba ba ya yi ta fama da harafin farko na sunana. A hankali na iya karanta lambar bas da sunan titi. Da na gane haruffan nan su ne dai ake rubuta Hausa da su, sai na sayi littafi na daban, ina rubuta abin da ya zo mini.

A watan Fabrairun bara zazzaɓi ya kayar da ni, na yi kwana biyar ban fita ba. Enzo yana Italiya lokacin, ya je duba 'yar'uwarsu. Rana ta uku Dario ya zo da kansa, ɗauke da tukunya a naɗe cikin tawul. Miyar wake ce da gutsattsarin taliya, mai kauri, da man zaitun a sama.

"Ba alade, ba giya, na rantse da kabarin uwata," ya ce. "Wannan take ba mu in mun kwanta. Ka shanye duka, ka dawo, na gaji da yanka yatsuna."

Sai da ya tafi na lura da tukunyar. Ta jan ƙarfe ce, tsohuwa, an ɗaure hannunta ɗaya da waya. Na san ta. Ita ce ke rataye a saman murhu, ba a dafa wa baƙi komai a cikinta. Uwarsu ce ta zo da ita daga ƙauyensu a cikin akwatin aurenta.

Na sha miyar nan kwana biyu, na warke. Na wanke tukunya, na goge ta har tana ɗaukar ido. Sai na tsaya.

A gidanmu ba a mayar da kwano wayam. In maƙwabta suka aiko da abinci, Inna kan ajiye kwanon har sai ta girka abin da ya kai a zuba, ko da zai kwana uku. Ta ce mayar da shi ba komai kamar ka ce wa mutum kun gama da shi ne. Ban taɓa tunanin akwai inda ba a san haka ba. Kuma wannan ba kwanon roba ba ne, tukunyar uwar mutane ce. Ba zan zuba mata shinkafa da mai ba. Abu ɗaya na sani da ya kai: farfesun Baba.

Na sayo jela a wurin mahautan halal na kasuwar Deptford. Na sami citta, kanumfari, masoro da kimba a shagon wata 'yar Gana. Na dafa ranar hutuna. Mama Ladi ta ɗanɗana, ta ce ya yi daɗi. Ni na ɗanɗana, na ajiye cokali. Farfesu ne, amma na kowa ne. Mako na gaba na sake, na ƙara wannan na rage wancan. Shi ma haka. Shekara nawa ina fifita wuta a gefen tukunyar nan, amma ban taɓa kallon hannun Baba ba. Yaya ne ke tsayawa kusa da shi.

Ana haka mako uku suka wuce, Enzo ya dawo. Ina shiga da safe na tarar da shi tsaye yana kallon ƙusar da ba komai a jikinta.

"Ina tukunyar Mama?"

Dario ya dafe kai. "Na kai wa Isiyaku miya a ciki. Na manta."

"A duk tukwanen da ke gidan nan!" Suka yi ta yi da yarensu, hannuwa suna tashi. Sannan Enzo ya juyo gare ni. "Tana wurinka?"

"Tana wurina, maigida."

"Mako uku? Ta fashe ne? Ka sayar?"

"Lafiyarta ƙalau. Ban gama da ita ba ne."

Na ga fuskarsa ta canza. Ni a zuciyata magana ce ta girmamawa, shi kuwa abin da ya ji shi ne ma'aikacinsa yana girki da tukunyar uwarsa. Turancina bai kai in yi bayani ba, kunya kuma ta riƙe sauran. Ba a gaya wa mutum ana shirya masa alheri.

"Litinin," ya ce. "In ba ta zo ba, kai ma kada ka zo."

Ranar bai ƙara yi mini magana ba. Wuƙar da ya saba miƙo mini, sai ya ajiye ta a kan katako.

Na gaya wa Mama Ladi. Ta cire tabarau ta dube ni.

"Malam Isiyaku, ka kai musu tukunyarsu mana. Ka sa biskit a ciki."

"Biskit, Mama?"

"To kira wanda ya iya."

"Ba zai ɗauka ba."

"Ka gwada ne? Tun da ka zo kana zaune mini a gida kamar mai takaba. Ni nawa yayan yana ƙasa, ko na kira ba mai ɗauka. Kai naka yana Funtuwa yana yanka nama."

Ranar Asabar da hantsi na kira, lokacin da na san ya gama fiɗa. Ta yi ƙara sau biyar. Da aka ɗauka, tasha ce ta fara shigowa kunnena: 'yan kamasho suna kiran Gusau, wani yana buga bodin mota, rediyon mai shayi.

"Salamu alaikum. Yaya, ni ne."

Ina jin numfashinsa.

"Wa ya rasu?"

"Ba kowa. Yaya, farfesun Baba nake so in dafa. Na yi sau biyu bai yi ba."

"Shekara shida," ya ce. "Farfesu."

Ya kashe.

Na zauna a bakin gado, wayar a hannuna. Na yi azahar, na yi la'asar. Na riga na yanke shawarar kai tukunya wayam in karɓi abin da ya zo. Ina naɗe ta a tawul wayar ta yi ƙara.

Bai yi sallama ba. "Jelar, ka gasa ta kafin ka dafa?"

"A'a."

"Shi ya sa. Ɗan mai tukuba, ka jefa ɗanyen nama a ruwa kamar matar aure. A kan garwashi ake fara ɗora ta, sai kitsen ya fara kuka. Kimba kuma ka ƙona ta ka zubar da 'ya'yan, ɓawon ake so. Akwai mai rubuta maka a kusa? Ba zan maimaita ba."

"Ni zan rubuta."

"Kai?"

"Ina zuwa makaranta, Yaya."

"Da furfurarka?" Na ji wani abu kamar tari, kamar dariya. "Ikon Allah. To ɗauko biron, malam."

Ya yi ta faɗa ina rubutawa, a hankali, yana jirana. In na ce ya dakata sai ya ce, "Har yanzu kana kan citta? Motar Gusau ta cika ta tashi." Ya faɗi abin da ake sawa da farko da wanda ake jira sai an sauke. Ya ce ɗan jiƙon tsamiya a ƙarshe, wanda ban taɓa sanin akwai shi a ciki ba. Da muka zo kan yaji na ce cokali nawa.

"Wane cokali? Baba ya taɓa riƙe cokali? Tafin hannu ɗaya, a shafe."

"Hannun wa? Hannu ai ya bambanta."



"Ni nawa ya yi girma, kullum sai na rage," ya ce. "Kai cika naka. Irin nasa ne."

Na dubi tafin hannuna. Gajerun yatsu, faɗin tsakiya, har da ɗan karkacewar ƙaramin yatsa. Shekara arba'in da tara ina yawo da shi ban sani ba.

"Yaya..."

"Ina da masu saye," ya ce, ya kashe.

Ranar Lahadi aka wuni ana yayyafi. Mama Ladi ta fito da ɗan murhun gashinta na bayan gida, ta riƙe mini lema ina juya jela a kan gawayi, tana faɗin maƙwabta za su kira mana 'yan kwana-kwana. Da kitsen ya fara ɗiga, hayaƙin ya tashi, sai na juya mata baya na ɗan lokaci. Ta matso da lemar.

Litinin na shiga bas da tukunya a cinyata, a naɗe da tawul ɗin Dario. Na tarar sun jawo talabijin. Na ajiye ta a kan tebur gaban Enzo. Ya fara duba hannun da aka ɗaure da waya, sannan ya ji nauyinta, ya dube ni, ya buɗe murfin.

"A garinmu ba a mayar da tukunya ba komai," na ce. Na kwana biyu ina haɗa wannan jimlar da Turanci. "Na daɗe ne saboda ban iya ba. Sai da na tambayi yayana."

Dario ya buga tebur. "Ka ji ko? Ka ji, jaki? Kai ka ce ya sayar!"

"Ban ce ya sayar ba. Tambaya na yi."

Enzo ya sa cokali ya ɗago gunduwa ɗaya. "Jela ce," ya ce a hankali. "Mama ma ita take saye. Ita ce mahauci ke bayarwa da araha." Ya kurɓi romon. Barkono ya kama shi, ya yi tari, sanƙonsa ya yi ja, hawaye suka zubo.

"Albasa ce?" in ji Dario.

"Kawo burodi, ka rufe mini baki."

Ranar ba a kalli fim ba. Yana ta yi shi kaɗai a gefe, mutanen ciki suna cin nasu, mu muna cin namu, mu uku a tukunya ɗaya, muna tsotsar ƙashi. Da muka gama Enzo ya wanke ta da kansa, ya mayar kan ƙusarta. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban so ya ba ni ba. Washegari ya miƙo mini wuƙa hannu da hannu.

Na ɗauka magana ta ƙare. Ranar Asabar zan tashi daga aiki na ga tukunyar a kusa da jakata, da zafinta, cike da naman rago da ganyen da ban san sunansa ba.

"Yanzu kuma matsalarka ce," in ji Enzo, bai ko juyo ba.

Shekara guda ke nan tana kai da kawowa tsakanin Deptford da Catford. Duk lokacin da ta zo hannuna sai in kira Funtuwa. Na tambayi ragadada, na tambayi yajin balangu, na tambayi farfesun kai. Littafina ya kusa cika. Ba ma maganar Baba, ba ma maganar maƙabarta. Bai taɓa cewa yaushe zan zo ba, ni ma ban ce ba, ko da yake fasfona yana cikin aljihun jakar da nake zuwa aji da ita. Amma yanzu ba ya saurin kashewa. Wani lokaci yakan ajiye wayar a kan tebur ya sallami mai saye, ya bar ni ina sauraron tasha.

Makon jiya abin tambaya ya ƙare mini. Na yi ta tunani, sai na kira na ce ya gaya mini yadda ake tsire nama a tsinke. Ni da na yi shekara ashirin ina tsirewa a gefensa. Ya san na sani. Na san ya san na sani.

Na ji ya ja benci ya zauna.

"Ɗauko biron," ya ce.